Uwar maƙerar da muka tono a zauren Kaka: wa ya ƙera ta, wane aiki ta yi?

Jikan Maƙeri:
Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, tambaya na kawo. Daminar bana ta kayar mana da bangon tsohon zauren da kakana yake ƙira a ciki, a gidanmu na Tudun Wadan Zariya, Allah ya jiƙansa. Kusan shekara talatin ɗakin yana rufe, sai tarkace ake zubawa. Jiya da magina suka gama kwashe ƙasa sai ga uwar maƙera, rabinta a binne. Sai da ƙarti uku suka taru kafin ta fito.

Ba irin tamu ta gargajiya ba ce mai kama da ƙatuwar ƙusa. Wannan tana da ƙaho ɗaya mai tsini a gaba, fuskarta shimfiɗaɗɗiya, ga rami biyu a baya, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya ƙarami zagayayye, sannan ga ƙafafu huɗu. Akwai rubutun boko a gefe amma tsatsa ta rufe shi, lambobi uku kawai nake iya gani a warwatse: 1 da 2 da 9. Tun da safe 'yan gwangwan biyu suka zo suna tayi a kan kilo. Ina ɗan shekara bakwai Kaka ya rasu, kuma babu wanda ya gaji sana'ar a gidanmu. Abin da nake so in sani shi ne inda aka ƙera ta, da shekarunta, da irin aikin da aka yi ta dominsa. Ga hotuna huɗu.

Hajiya 'Yar Maƙera:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya ce komai, ka shigar da ita ɗaki ka kulle. Kada ka bari a ɗora ta a sikelin 'yan gwangwan. Allah ya jiƙan kakanka da rahama.

Ɗan Panteka:
Ai shekarar ce a jiki. 1929 ce, tara ɗaya ta goge. Ka ga kenan ta kusa shekara ɗari.

Tsohon Akawu:
A'a ɗana, ba shekara ba ce, nauyi ne. Na yi akawun gyaɗa da auduga tun ana awo da laba, wannan lissafin a kansa muka ci abinci. Turawan Ingila ba su rubuta nauyin kaya masu nauyi da lamba guda, sai su kasa shi uku. Lamba ta farko kowace ɗaya laba 112 ce. Ta tsakiya rubu'in wancan ne, wato kowace ɗaya laba 28. Ta ƙarshe kuwa labobin da suka rage ne. To lissafa: 1 ta ba ka 112, 2 ta ba ka 56, ka ƙara 9, ka samu laba 177. A kilo, tamanin kenan da 'yan kai.

Ga yadda za ka tabbatar ba ƙirƙira na yi ba. A wannan tsarin lambar tsakiya ba ta wuce 3, domin rubu'i huɗu sun cika ɗaya babba, ta ƙarshe kuma ba ta wuce 27. Irin wannan 112 guda ashirin su ne tan ɗaya na da, laba 2,240, wanda muke sayen gyaɗa da shi. Ka kai ta sikelin masu hatsi ka dawo mana da labari.

Ɗan Panteka:
Na karɓi gyara, Baba. Allah ya ƙara girma.

Injiniya:
Baba Akawu ya riga ya warware rabin tambayar, domin wannan awon kaɗai ya nuna 'yar Ingila ce. Na Amurka laba zalla suke bugawa, na Jamus da Faransa kilo. Siffarta ma ita ce ake kira ƙirar Landan: ƙaho ɗaya, ɗan dakali tsakanin ƙaho da fuska, wutsiya mai rami biyu.

Ƙanena, ga abin da za ka yi. Kada ka kusance ta da giranda ko sanfefa mai kaushi. Buroshin waya na hannu da kananzir sun isa. Ka juya ta ƙahon ya dubi hannun damanka, gefen da ke fuskantarka nan ne aka fi buga suna. Idan ka goge, ka shafa garin alli ka share sama-sama, allin zai zauna a cikin haruffan. Sai ka jira dare ka haska tocila daga gefe, kwance da jikin ƙarfen, ba kai tsaye ba. Abin da rana ta ɓoye inuwa za ta fito da shi. Sannan ka duba mini ƙugunta a ƙarƙashin ƙaho da ƙarƙashin wutsiya, ko akwai ramuka masu kusurwa huɗu. Ka kuma ɗauko hoton ƙafafun daga gaba.

Jikan Maƙeri:
Na dawo. Sikelin kasuwa ya ba da kilo 79. Baba Akawu, Allah ya saka da alheri. Yaya Injiniya, dabarar tocila ta yi aiki. A layin sama ana ganin PET, sai wuri ya goge, a ƙasansa WRIGH, sai PATENT, sai ENGLAND a fili. Lambar 2 ɗin nan ta tsakiya a cikin wata da'ira take, da rubutu zagaye da ita, na karanta SOLID a rabi. Ramukan da ka ce suna nan, ɗaya a gaba ɗaya a baya, har da wani a gindinta. Ƙafafun kuma suna da ɗan dakali a sama kamar matakala.

Injiniya:
Alhamdulillahi, gani ya kori ji. Peter Wright ce, ƙirar garin Dadli da ke kusa da Bamingam a tsakiyar Ingila, yankin da ya yi suna da ƙirar sarƙa da ƙusa da uwar maƙera. Rubutun da'irar SOLID WROUGHT ne, ma'anarsa jikinta ƙirarren ƙarfe ne da aka daka, ba zubi ba. Ɗan dakalin nan na kan ƙafafu ma alamarsu ce, da shi ake gane su ko suna ya goge gaba ɗaya. Kilo ɗayan da ya ɓace tsatsa ce da gefunan da suka ɓantare.

Ramukan ƙugu su ne shaidar yadda aka yi ta. Dunƙulen ƙarfe mai kilo tamanin da ya yi jajur ba a riƙe shi da awartaki, sai a zura masa dogayen sanduna a waɗannan ramuka, mutane su riƙa juya shi a ƙarƙashin guduma. Wadda aka narka ƙarfe aka zuba a mazubi ba ta bukatar su, ita layin haɗin mazubin ake gani ya ratsa jikinta, haruffanta kuma sukan taso sama maimakon su nutse. Jikin taka ƙarfe ne mai ɗan laushi, sai aka ɗauko faranti na ƙarfe mai tauri, kaurinsa wajen rabin inci, aka haɗa shi a sama da wuta da duka. Ka duba gefe da kyau za ka ga siririn layin haɗin.

Batun shekaru kuwa, Peter Wright ba su buga lambar jeri yadda Hay-Budden da Trenton na Amurka suke bugawa a ƙafa, don haka tsakani ake faɗa, ba shekara guda ba. Ƙaramin ramin nan zagayayye ya fara zama ruwan dare ne wajen 1830, kenan ba ta girmi haka ba. Abin da ya fi matse lissafin shi ne kalmar ENGLAND, wadda masu tara irin waɗannan kaya suka yi ittifaƙin cewa wajen 1910 kamfanin ya fara bugawa. Sai ka haɗa da cewa a 1911 layin dogo ya isa Kano ta Zariya. Kaya mai nauyin nan jirgi ne ya kawo shi Arewa, ba raƙumi ba.

Mai Ingarma:
Ni kuwa ina ganin ta masu yi wa doki takalmi ce. Ƙaramin ramin nan ai a kansa ake huda gurbin ƙusa a takalmin doki, ƙahon kuma a kansa ake lanƙwasa shi. Na ga irinta a wajen mai yi wa dawakin folo aiki. Zariya da Kaduna kuwa Turawa sun ajiye dawaki ba kaɗan ba.

Injiniya:
Yallaɓai, amfanin ramin da ka faɗa gaskiya ne, amma kusan kowace ƙirar Landan tana da shi, ko ta mai ƙera ƙofa ce. Wadda aka yi musamman don takalmin doki tana da alamunta. Za ka ga wani ɗan kunne ya fito a gefen gindin ƙahon, a kansa ake jawo ɗan harshen da ke kama gaban kofato. Ƙahon yakan yi ƙiba, fuska ta yi siriri, wutsiya ta yi tsawo ta yi sirara, sau da yawa ramin zagayayye biyu ne, wasu ma ba su da dakalin yanka. Dubi hoto na biyu: ƙugu mai kauri, rami ɗaya, dakali cikakke, babu kunne. Wannan ta maƙerin aiki duka ce, wadda aka yi don ta sha duka mai nauyi.

Mai Ingarma:
Ban ƙi ba, amma rashin kunne bai hana a yi takalmi a kanta ba.

Tsohon Maƙeri:
Sallama gare ku. Ɗana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. A Lokon Maƙera na Kano aka haife ni, na shekara fiye da hamsin a bakin wuta.

Mai doki, maganarka tana kan hanya, kowace uwar maƙera za ta yi takalmi in maƙerin ya iya. Amma ka tambayi kanka, dokin Hausa nawa ke sa takalmi? Dawakin sarakunanmu da na hawan salla yawancinsu da kofatonsu suke tafiya, gyara shi kawai ake yi. Aikin doki da ya ciyar da iyayenmu shi ne linzami da likkafa da ƙarafan sirdi, kuma duk a kan uwar maƙerarmu ta gado aka yi su. Mutumin Tudun Wada ba zai ɗauko kilo tamanin don takalmin doki ba.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaro ya ce rabinta a binne ya same ta. Ku dubi hoton farko: daga ƙugu zuwa ƙasa tsatsa ta ci ta ta yi gurbi-gurbi, daga ƙugu zuwa sama kuwa sumul. Faɗuwar bango ta damina ɗaya ba ta yin haka. Kakanka ne ya binne ta da hannunsa. Bature a tsaye yake ƙira, yakan ɗora ta a kan kututture ta kai masa daidai dunƙulen hannu. Mu kuwa a zaune muke ƙira, wuta a gefe, ɗan zuga yana zaune da zuga-zugi, masaba da awartaki da kurfi duk inda hannu zai kai. Tamu ta gargajiya gindinta mai tsini ne, a itacen da aka binne ake kafa ta. Da kakanka ya samu ta Bature sai ya haƙa mata rami ya saukar da ita daidai zamansa. Na ga iyayenmu sun yi haka. Binnewar kuma tana kashe ƙarar, domin irin wannan in ba a danne ta ba kukanta har cikin kunne.

Jikan Maƙeri:
Baba, wallahi ka tuna mini. A zaune nake ganinsa a kan buzu, ƙafa ɗaya a miƙe. Ban taɓa haɗa abin da tsayin uwar maƙerar ba sai yanzu.

Na Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan waɗanda suka rage daga zamanin Faransa daban suke, in wani ya ci karo da irinsu ya gane. Ƙaho biyu gare su, ɗaya zagayayye, ɗayan mai kusurwa yana sirancewa, ba su da wutsiya irin ta Landan. Nauyinsu da kilo aka buga, wasu da sunan Firminy a jiki, wani garin ƙarfe ne kusa da Santetiyan. Amma na ga 'yan Ingila ma a nan da Maradi, domin mu ba mu samu layin dogo ba, kayan ƙarfe da yawa ta Kano suka shigo mana.

Kan maganar gane sana'a daga jikin uwar maƙera, ku dubi ta maƙeran Buzaye masu ƙera azurfa a Agadas. 'Yar ƙarama ce, mutum ya sa ta a jaka ya hau raƙumi, fuskarta ba ta kai tafin hannu ba, kuma sumul take kamar madubi don kada ta ɓata azurfa. Maƙerin fari ba ya yarda tabo ya hau fuskar tasa. Ta maƙerin baƙi kuwa dole ta sha wuya.

Ɗan Panteka:
To tunda mai daraja ce, kawo ta Kaduna in gyara maka. Na ga tsakiyar fuskar ta ɗan lotsa, gefe ɗaya kuma ya ɓantare. In cike da walda, in bi da giranda, in fesa fenti, ta dawo sabuwa.

Tsohon Maƙeri:
Kul, ɗana. Kada ka yi. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma haka aka kashe da yawa. Injiniya ya gaya maka taurin nan faranti ne na rabin inci. Duk abin da giranda ta ci ba ya dawowa, in ka cinye shi ka isa ƙarfe mai laushi, sai guduma ta riƙa nutsewa. Zafin walda kuma yana kashe taurin wurin da ya taɓa, gefen cikon ya zo ya tsage daga baya. Lotsawar nan da kake gani aibi ce, mu wurin miƙe ƙarfe ne. In kana so sanda ta miƙe sai ka ɗora ta a kan kwarin ka buga, ta ɗan wuce ta dawo daidai. A kan shimfiɗaɗɗiya sumul ma ya fi wuya.

Ɗan Panteka:
Baba, akwai wayar walda ta musamman mai tauri, ana ɗumama ƙarfen tukuna kafin a cike. Ana yi, kuma yana riƙewa.

Injiniya:
Ana yi, gaskiyarka, amma magani ne na wadda ta riga ta lalace, wadda farantinta ya ɓalle. A fara gwada wannan tukuna. Ƙanena, nemi ƙwallon boris babba wajen makanikai. Tsayar da rula a kan fuskar, ka saki ƙwallon daga inci 10, ka ga inda zai dawo. In ya kai 7 ko 8 lafiyarta ƙalau. In bai wuce 3 ko 4 ba, ko dai gobara ta taɓa cin ta taurin ya tafi, ko ƙarfen zubi ce. Sannan ka bi fuskar da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali daga gaba zuwa baya. Amo mai tsawo shi ake so. Inda ka ji ya koma kamar fasasshiyar tukunya, farantin ya rabu da jiki a wurin. Kada dai a ɗauki rashin amo hukunci a kan kowace iri: Fisher ta Amurka mai tambarin mikiya ba ta kuka sam, kuma mai kyau ce, haka aka yi ta. Amma Peter Wright lafiyayya dole ta yi kuka.

Jikan Maƙeri:
Na gwada sau biyar a wurare daban-daban. Yana dawowa 8, a kusa da wutsiya 7. Amon kuwa har maƙwabta suka leƙo. Sai dai da na goge ta sosai na ga wani abu da ya dame ni. Gefunanta biyu, sama da inda ƙasa ta rufe, cike suke da ƙananan ramuka da sara, ɗaruruwa, kamar an yi ta caccaka mata abu mai tsini. Su ne ma suka cinye rabin sunan. Yara ne suka ɓata ta ko me? Ga hoto.

Tsohon Maƙeri:
Allahu akbar. Ba ɓarnar yara ba ce. Wannan shi ne amsar tambayarka ta uku.

In maƙeri ya ƙoda bakin diga ko kurfi, ya tsoma a ruwa ya ba shi tauri, sai ya gwada kafin ya miƙa wa mai shi. Ba zai gwada a fuska ba, don fuskar ta fi shi tauri. A gefe yake sara, inda ƙarfen ke da laushi. In bakin ya shiga ya fito bai lanƙwashe ba bai karye ba, aiki ya yi. Kowane rami da ka gani baki ɗaya ne da aka gyara. Maƙerin gari mai yin fartanya da lauje da wuƙa ba ya tara irin wannan tabo da yawa haka. Wannan ta zauna a inda ake kawo diga da kurfi tuli-tuli kowace safiya, lebura na jira. Ka duba siffar ramukan, masu kusurwa huɗu na tsinin diga ne, masu tsawo kamar tsaga na kurfi ne.

Amma ka dawo kan fuskar. Gefen nan guda da ya mulmule ya yi santsi, da lotsawar da ta karkata wajensa, wannan aikin faɗaɗa ƙarfe ne, ruwan garma da fartanya, shekara da shekaru mutum ɗaya yana bugu daga wuri ɗaya. Ni a ganina aiki biyu ta yi a rayuwarta. Ta fara a hannun kamfani a tsaye, ta ƙare a hannun kakanka a zaune.

Tsohon Akawu:
In haka ne ai reluwe ce. Zariya mahaɗar jirgi ce, zamanin diga kuwa dubban mutane aka tara suna sara ƙasa da dutse. Bayan an gama shimfiɗa layin ma 'yan gyaran hanya ba su rabu da diga ba. Tudun Wada da Sabon Gari cike suke da tsofaffin ma'aikatan reluwe.

Ɗan Bukuru:
Baba, a yi mini afuwa, kada a manta da kuza. A nan filato babu sansanin haƙar kuza da ba shi da maƙerinsa, domin ƙasarmu tsakuwa ce da dutse, bakin diga ba ya daɗewa. Hausawa da yawa daga Zazzau da Kano da Katsina sun zo aikin, wasu cin rani, wasu suka zauna. Har yau ana tsintar irin waɗannan a tsofaffin bariki, ni kaina na ga biyu da gefensu a caccake haka. Kuma akwai ƙaramin jirgin da ya haɗa Zariya da Jos da Bukuru kai tsaye, mai siririn layi na ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957. Hanyar da za ta bi ta iso Tudun Wada a buɗe take.

Injiniya:
Dukansu biyu suna iya yiwuwa, har da ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e masu fasa dutsen hanya. Ƙanena, ka sake dubawa ko akwai wani tambari da ba na masu ƙera ta ba: haruffan mai ita, ko lambar sito, ko wata alama mai kamar kan kibiya mai layi uku, wadda gwamnatin Ingila ke bugawa a kayanta. In babu, ƙarfe ya faɗi iyakar abin da zai faɗa, saura na bakin mutane. Akwai wanda ya rage a gidanku da ya san ƙuruciyar kakanka?

Hajiya 'Yar Maƙera:
Abin da nake shirin faɗa kenan. Ku maza kuna ta karatun ƙarfe, alhali akwai tsohuwa a wani ɗaki da ta san ranar da aka shigo da ita gidan. Mu 'ya'yan maƙera mata mun san kayan iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, mu ke share maƙera, mu ke kai gawayi da ruwa. A gidanmu mahaifina bai yarda kowa ya zauna a kan uwar maƙera ko ya tsallaka ta ba, ba don tsafi ba, don girmama abin da ake ci da shi. Ranar da ƙannena suka sayar da tasa bayan rasuwarsa, na yi kuka kamar an sake yi mini mutuwa. Ɗana, ka je wurin gwaggonninka da hoton nan, ka tafi da goro.

Jikan Maƙeri:
Jama'a, ku yi haƙuri da shiruna na kwana uku. Na bi shawarar Hajiya na je Soba wurin Gwaggo, yayar mahaifina, ta haura tamanin. Babu wani tambari a jikin ƙarfen bayan na masu ƙera ta, na duba ko'ina. Amma Gwaggo tana ganin hoton ta ce, wannan ai 'yar Jos ce. Haka suke kiranta a gida ashe.

Ta ce Kaka ɗan maƙera ne tun asali, da uwar maƙerarsu ta gado a ƙauye, amma wansa ne ya riƙe ta. Shi sai ya tafi Jos yana saurayi, ya samu aiki a maƙerar wani sansanin kuza a wajen Bukuru. Aikinsa daga safe zuwa yamma gyaran bakin diga da kurfi da ƙarafan fasa dutse. A can aka haife ta. Ta ce ya tarar da uwar maƙerar a wurin, wani ya riga shi aiki a kanta. Da aka tashi sansanin aka yi gwanjon kaya, sai ya haɗa kuɗin sallamarsa ya saye ta, har Kakata ta yi fushi don ta so a sayi keken ɗinki. A ƙaramin jirgi suka taho da ita, Gwaggo tana 'yar shekara takwas ko tara, ta ce tana tuna yadda aka ɗaure ta da igiya a sanda mutum huɗu suka ɗauko daga tasha. Daga nan har ƙarfinsa ya ƙare garma da fartanya da lauje yake yi wa manoman kewaye, gab da damina mutane har layi suke yi a ƙofar zaure.

Baba Tsohon Maƙeri, duk abin da ka karanta a jikinta haka Gwaggo ta faɗa, ba ta san ma an yi wannan hira ba.

Ɗan Bukuru:
Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya. Ƙaramin jirgin da ta hau ya nuna kafin 1957 aka kawo ta Zariya, kuma ya dace da shekarunta.

Tsohon Akawu:
Na sauka daga kan reluwe. Jirgi dai ya ɗauko ta, amma kuza ta yi wa aiki.

Mai Ingarma:
Ni ma na janye batun doki. In za ka sayar, ɗan'uwa, ina so, kuma ba a kilo ba.

Jikan Maƙeri:
Na gode Yallaɓai, amma Gwaggo ta riga ta yanke hukunci. Akwai jikan wan Kaka a ƙauye da har yanzu yake ƙira, a kan guntun ƙarfen dogo yake aiki domin ta gadon ta tsage tun tuni. Ta ce a kai masa, da sharaɗin ba za ta bar dangi ba. Na shafe ta da baƙin mai, ban taɓa fuskar da komai ba. Ranar Asabar za mu sa ta a mota.

Tsohon Maƙeri:
Madalla. Ka gaya masa in zai binne ta ya sa guntun itacen ƙirya ko na marke a ƙarƙashi, kada ƙafafun su zauna a danshi kamar da. Kada ya sara ƙarfe mai sanyi a kan fuskar, dakalin nan na tsakanin ƙaho da fuska don yanka aka yi shi. Ya kuma zauna ta gefen da kakanka ya zauna, gefen da ya mulmule ya riga ya san ruwan garma. Sannan ku ƙara tona inda kuka same ta, taku ɗaya zuwa dama. Masabarsa da awartakinsa ba za su yi nisa ba, in kun same su ku turo mini hoto.